Littafin sandarewar sabuwar kwamfutarmu, Tahoua

Asabar, 5 ga Afrilu 2025

Kwana huɗu ke nan da kwamfutar ta iso gida, yau kuma ta sandare mini sau uku kafin azahar. Ƙanena da ke Yamai, wanda shi ya je ya sayo ta ya ɗora mini a bas, ya ce kada in sake kiran shi da "ba ta tafiya". In nemi littafi in riƙa rubuta ƙarfe nawa ta tsaya, me nake yi a lokacin, kuma minti nawa ta ɗauka kafin ta farfaɗo. Wai mai gyara da likita halinsu ɗaya, "jikina ba daɗi" ba ya kai su ko'ina. To ga littafin.

Ta tebur ce, akwatinta daban, allonta daban. Injinta Core i3, RAM, wato wurin da take riƙe abin da ake aiki da shi a lokacin, giga 4, faifan ajiya tera 1 irin mai juyawa, Windows 11 na Faransanci. Na saye ta don tsara jarrabawar ɗalibaina da lissafin makinsu, sai kuma babbar ɗiyata da ke jami'ar Djibo Hamani, wadda rubutun ƙarshen shekara ya tasa gaba. Akwai mai giga 8 a shagon, ni na ce a ɗauko mai 4 saboda bambancin kuɗin. Na rubuta wannan tun yanzu don kada gobe in ɗora wa wani.

Ga abin da take yi. In an kunna ta, sai an ba ta minti huɗu ko biyar kafin ta yarda a buɗe ko da Word. Wannan nawa ce kawai, wato rashin sauri, ana iya haƙuri da ita. Wanda ke tada mini hankali shi ne tsayawa cak ana tsakiyar aiki. Kibiyar linzami tana yawo yadda nake so, amma duk abin da na latsa shiru. Ƴar fitilar da ke gaban akwatin, wadda ta saba ƙyafta ido, sai ta kunnu ta tsaya ba ƙyaftawa. Bayan kamar rabin minti sai duk latse-latsen da na yi cikin fushi su fito lokaci guda, tagogi bakwai a kan juna.

Litinin, 7 ga Afrilu

Ƙanena ya koya mini buɗe manajan ayyuka: a danne Ctrl da Maj da Échap tare. A nan ake ganin wa ke cin me. Ban buɗe komai ba, amma RAM ta riga ta kai kashi 80 cikin ɗari, faifai kuwa yana manne a 100. Giga 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, kamar yadda giga 64 yake mafi ƙarancin wurin ajiya. Ashe na sayi ɗaki daidai tsawon tabarma ne, ba wurin ajiye takalmi.

A sashen manhajojin da ke tashi tare da na'ura na tarar da goma sha ɗaya. Masu shagon sun yi mini "alheri" sun cika ta da kaya: manhajar kariya ta gwaji mai wa'adin wata guda, wata mai cewa tana share datti, masu kunna bidiyo har biyu. Na kashe takwas daga tashi, na cire ta gwajin gaba ɗaya, tunda Windows na da tata kariyar a ciki wadda ke karɓar aiki da zarar an cire ɗayar. Tashi ya sauko zuwa minti biyu da ɗan wani abu.

Na kuma gano inda forfena na wata ya tafi cikin kwana uku. Da wayata nake ba kwamfutar intanet, ita kuma sabuwar na'ura tana da sabuntawa masu yawa da ke jiran ta, sai ta yi ta sauke su ba ta san awo nake saye ba. Akwai maɓalli a saitin Wi-Fi da ake gaya mata cewa wannan haɗin na awo ne. Na kunna shi. Rashin sani na ne.

Uwargida ta leƙo ta ga an rubuta giga 931 a kan faifan, ta ce ai tera guda aka ce mana, ina sauran? Sai da ɗiyar ta yi mata bayani cewa masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1024. Ta ce ita dai a kasuwa tiya ɗaya ta sani.

Sandarewa yau: 10:12, 16:40, 21:05.

Laraba, 9 ga Afrilu

Kowa ya shigo gidan nan ya ji labari sai ya ce zafi ne. Ni ma na yarda, don Afrilun Tahoua ba ya buƙatar shaida. Da rana ma'auni na wuce 40, ɗakin kuma rufin kwano ne, ko butar alwala aka bari a tsakar gida sai an sirka. Na ɗauke akwatin daga ƙarƙashin tebur inda yake manne da bango, na ɗora shi sama, na ƙwace fankar uwargida na saita masa. An yi ƴar magana a kan fankar.

Sai na sauke HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin kayan cikin na'ura, don in daina hasashe. Injin yana tsakanin 50 da 55 in ba a aiki, ya haura 70 in an matsa masa. Irin waɗannan injina sai sun doshi 100 suke rage gudu da kansu don kada su ƙone. Faifan yana 46. Da zafi, amma bai kai na ciwo ba. Abin da ya rushe maganar gaba ɗaya shi ne littafin nan: da na duba, akwai sandarewa da ƙarfe shida saura na safe, bayan na dawo daga masallaci, lokacin da ɗakin ya fi kowane lokaci sanyi. Na mai da fanka ga mai ita.

Asabar, 12 ga Afrilu

Yau an yi asara. Ɗiyar ta zauna tun hantsi tana rubutu, na'urar ta sandare, ta jira, ta ƙosa, ta danne maɓallin kashewa. Shafi biyar suka tafi, Word ya dawo mata da biyu. Ta zo ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Baba, ni da ka bar ni da wayata da ya fi mini." Ban ce komai ba. Na kafa doka dai: in ta tsaya, a ɗauke hannu a ƙirga sittin. Kuma kowane sakin layi a danna Ctrl da S, kowane dare a kwafe aikin a kile.

Da yamma kuran ya ɗauke sau biyu, ya dawo da rauni har ƙwan fitila ya yi ja. Sai zargina ya koma can. Lantarkinmu na 220 ne, in ya yi ƙasa sosai ba abin mamaki ba ne na'ura ta rikice. Na aro ondiler wurin wani abokin aikina da ya yi tafiya, irin mai batir da ke riƙe kwamfuta ƴan mintoci in an ɗauke wuta, kuma yana daidaita ƙarfinta. Ko ba shi ne maganin ba, dole in sayi nawa, don kashewar ba-zata ba ta yi wa faifai mai juyawa daɗi.

A kan ondiler ɗin ta sake sandarewa da 20:31.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ranar gwaje-gwaje. Na buɗe baƙin allon umarni da ikon mai gida na rubuta sfc /scannow, ya ce fayilolin Windows lafiya lau. Na gudanar da mdsched, na'urar ta sake tashi ta yi gwajin RAM a shuɗin allo kusan rabin awa, ba kuskure. Na bi ta da binciken ƙwayoyin cuta na gaba ɗaya, ya ci yinin, bai samu ko ɗaya ba.

Abu guda na koya. Da safe, kafin gwajin RAM, manajan ayyuka ya nuna wai na'urar tana kunne tun jiya, alhali na kashe ta da dare da hannuna. Ashe akwai wani tsari na tashi da sauri: in ka ce ta mutu, ba ta mutuwa duka, tana ajiye zuciyar tsarin a faifai ta ɗauko da safe. Sai ka zaɓi sake kunnawa ne take farawa daga tushe. Na kashe tsarin. Ba abin da ya canza, amma aƙalla yanzu in na kashe ta na san ta kasu.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na kira mai shagon a Yamai. Ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Mushe, a yi mata format kawai, a sake zuba Windows." Yaron maƙwabcinmu mai sa wa mutane fina-finai a waya shi ma haka ya ce, har ya zo da kilensa a aljihu. Format a garin nan ya zama kamar farasetamol, ciwon kai shi, ciwon ƙafa shi. Na ce su dakata. Kwana goma na yi ina gyara saiti, forfe guda ya tafi a sabuntawa, ba zan share duka a kan "wataƙila" ba.

Ƙanena ya ba da shawarar da ta fi: a tada ta a yanayin kariya, wanda Windows ke tashi da ƙashin bayansa kawai, ba manhajojin waje, ba yawancin direbobi, wato ƙananan manhajojin da Windows ke sarrafa kayan na'ura da su. In ta daina sandarewa a can, laifin na wata manhaja ce. In ta ci gaba, a nemi dalilin a wani wuri. Na danne Maj na zaɓi sake kunnawa, na bi matakan, allon ya fito baƙi da manyan haruffa. Na ɗauki jakar hotunan bikin ƙanwar uwargida, giga shida, na ce ta kwafe ta zuwa wani wuri a faifan.

Gudun kwafin ya tashi, ya kai wajen mega 90 a daƙiƙa, sai ya faɗo sifili. Fitila ta kunnu ta tsaya. Na duba agogon hannu: daƙiƙa talatin da ɗaya. Sannan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Ya sake yi sau biyu kafin ya gama.

Wannan ne karo na farko da na iya jawo ciwon da kaina maimakon in zauna jiran shi. Kuma ya faru a inda kusan ba manhajar da ke motsi. Na aika wa mai shagon hoton, na ce format ba zai taɓa wannan ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Tun jiya nake cikin kundin da Windows ke rubuta duk abin da ya same shi. Ana buɗe shi da eventvwr, a shiga sashen Système. Wanda bai saba ba zai firgita, jajaye da rawaya ɗaruruwa, sai ka ce na'urar na bakin kabari. Na fara bin wani ja mai lamba 41, Kernel-Power, na ɓata awa biyu a kansa kafin in gane ba abin da yake faɗa sai "an kashe ni ba ta hanyar da ta dace ba". Guda uku ne, duk ranar 12 ga wata: ɗaya na ɗiyata, biyu na kuran.

Sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na buɗe littafin nan a gefe, na riƙa bin lokutan ɗaya bayan ɗaya. 7 ga wata, 10:12. A kundin, 10:12, gargaɗi mai rawaya, lamba 129, daga storahci, yana cewa an sake saita na'urar da ke RaidPort0. 16:40, lamba 129. 21:05, lamba 129. Na asubar nan, 129. Na 20:31 a kan ondiler, 129. Cikin sandarewa ashirin da uku da na rubuta, ashirin da biyu suna da abokin tafiya a kundin, ɗayar kuma ina zargin ni na rubuta lokacin ba daidai ba. Nan da can kuma akwai lamba 153, wadda ke cewa an sake maimaita wani karatu ko rubutu a faifai.

Na kira ƙanena ina karanta masa kamar mai karanta sakamakon jarrabawa. Ya ce, "Yaya, ka kama shi." Bayaninsa: storahci shi ne direban da Windows ke magana da faifai ta bakinsa. In ya aika saƙo faifai bai amsa ba, sai ya jira, in jiran ya yi yawa ya katse layin ya sake ƙullawa. Wannan jiran shi ne rabin mintin da nake gani. Kibiyar linzami ba ta buƙatar faifai, shi ya sa take yawonta, duk wani abu kuwa yana layi yana jiran amsar da ba ta zo ba.

A nan ne na fahimci cuta biyu nake jinya ina kiran su da suna ɗaya. Nawar daga ƙarancin RAM ce da faifai mai juyawa. Sandarewar daga hanyar da ke tsakanin faifai da uwar allo ce, wato babban allon cikin akwatin da duk kayan ke haɗe da shi. Kuma ɗaya na ciyar da ɗaya: in RAM ta cika, Windows na juye rarar a faifai ya riƙa ɗebowa, zirga-zirga ta ƙaru a kan hanyar da dama ba ta da lafiya.

Wasu lokuta tsarin tsimin wuta ke jawo 129, faifai ya yi gyangyaɗi ya kasa farkawa da wuri. Na mai da tsarin wutar zuwa mafi ƙarfi, na hana faifai barci. Da dare ta sake yi.

Talata, 22 ga Afrilu

Saura a san ko faifan ne ke mutuwa ko wani abu ne a hanya. Kowane faifai na riƙe da nasa lissafin lafiya da ake kira SMART, CrystalDiskInfo kuma na karanta shi kyauta. Na buɗe, ya nuna shuɗi, wai lafiya. Na kusa rufewa. Sai na bi layukan a hankali. Layin 05, gurabun da suka lalace aka musanya: sifili. Layin C5, gurabun da ake zargi: sifili. Wato farantin kansa ba tabo. Layin C7 kuwa, mai ƙirga saƙonnin da suka lalace a kan waya tsakanin faifai da uwar allo, an rubuta 12C.

Na ɗauka sha biyu ne da wani harafi. Ɗiyar ce ta yi dariya ta ce lissafin tushe 16 ne, Baba, 12C ɗari uku ke nan. Malamin da ke koyar da ƴaƴan mutane, ga shi ana koya masa a gidansa. Na sake kwafe hotunan bikin na duba: 17B, wato 379. Kuskure saba'in da tara a kwafi guda.

Wannan lambar in tana hawa, abin da aka fi zargi shi ne ita wannan wayar, da ake kira SATA, ko bakin da take shiga. Na tuna yadda akwatin ya zo: fiye da kilomita 500 a cikin ɗakin kayan bas, ta Dosso, ta Dogon Dutsi, ta Birnin Konni, kwalin ya iso da kusurwa ɗaya a lotse da ƙurar hanya a kansa.

Akwai takardar garanti manne a bayan akwatin, in na yage ta ba izini na rasa hakkina. Na aika wa mai shagon hotunan lambobin. Ya ce in buɗe, amma yana kallo ta bidiyon WhatsApp. Na ga adalci a hakan. Mun sa ranar Alhamis, tunda hutu ne.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ranar Concorde, ba makaranta. Bayan sallar la'asar na shimfiɗa tabarma a zaure inda haske ya fi, ɗiyar ta riƙe waya. Na zare wayar wuta, na danne maɓallin kunnawa daƙiƙa goma don sauran wutar ciki ta fita, na taɓa ƙarfen akwatin kafin in sa hannu, saboda a wannan bushewar ko mayafi ka ja sai ya yi tartsatsi. Kusoshi biyu ne a baya. Na sa su cikin kofin shayi don kada su bi tabarma.

Ciki fili ne fetal, ban zaci haka ba. Faifan na kwance a kejinsa, wayoyi biyu na shiga bayansa: mai faɗi ta wuta, da siririya ja ta saƙo. Jar an ja ta ta miƙe tsam kamar igiyar shanya, an ɗaure ta da wasu wayoyi, ba ta da sararin numfashi. Kanta kuma ba ya zaune daidai, gefe ɗaya ya shige, ɗaya ya ɗan fito, har ana hango siririn layin zinariya. Na sa ɗan yatsa na taɓa, ta yi lilo kamar haƙorin yaro mai shirin faɗuwa.

Mai shagon daga cikin waya ya ce, "Tsaya, Mushe, matso da ita." Ya yi shiru, sannan ya ce to ai ga ta nan.

Irin wayar da ba ta da maƙalli ce. Tun jiya na sayo wata a wurin wani mai gyara kusa da babbar kasuwa, jika ɗaya, mai ɗan ƙarfe a kai da ke cewa ƙyas in ta shiga. Na yanke ɗaurin, na cire tsohuwar, na sa sabuwar a faifai, ɗaya kan kuma na canza mata baki a uwar allo, na bar ta da sako-sako. Na danna ta wutar ita ma, na rufe. Duka aikin bai kai minti goma ba.

Lambar C7 kafin in kashe na'urar: 1A4, wato 420. Ba ta komawa sifili ko an gyara, faifai ba ya mantuwa. Abin dubawa shi ne ko za ta ƙara. Na kwafe hotunan bikin sau uku a jere, ina zaune ina kallon fitila. Ta yi ta ƙyaftawa har aka kira magariba. 1A4.

Asabar, 26 ga Afrilu

Kwana biyu, ba sandarewa, ba 129. Ɗiyar ta yi awa huɗu a kai jiya. Har yanzu tana danna Ctrl da S bayan kowace jimla, na ce ta ci gaba.

Nawar tana nan. In aka buɗe Word da shafuka biyar na intanet, RAM ta kai 90, ana jin faifan yana ƙurƙur kamar ɓera a rumbu. Da na buɗe akwatin na ga ramin RAM na biyu ba kowa, manajan ayyuka kuma ya nuna gudun wadda ke ciki 2666. Na tura wa ƙanena hoton takardar da ke jikinta, DDR4, ya nemo mai giga 8 irinta. Na ce wannan karon a aljihun mutum za ta zo, ba a ɗakin kaya ba.

Asabar, 3 ga Mayu

RAM ta iso ranar Laraba a hannun wani ɗalibi, naɗe cikin takarda da leda biyu. Sai da na danna ta da ƙarfin da ya ba ni tsoro kafin maƙallan gefe su rufe. Yanzu giga 12. Da Word da shafuka goma a buɗe tana wajen kashi 50, ƙurƙur ɗin ya ragu sosai. Na sake gudanar da mdsched saboda sabuwar, ba kuskure. Kuɗinta ya ɗara bambancin da na ƙi biya a shago, uwargida ta lissafa mini ba tare da na tambaya ba.

Tashi har yanzu minti ɗaya da rabi ne, kuma na san daga ina: faifai mai juyawa sai allurarsa ta je ta nemo kowane ƙaramin fayil, SSD kuwa, wato faifan ajiya na zamani, ba abin da ke motsi a cikinsa, na SATA ma yana kai mega 500 a daƙiƙa. Akwai bakin SATA biyu da ba kowa a uwar allon. Niyyata in sa ƙarami mai giga 256 don Windows, tera ɗin ya zama rumbun hotuna da takardu. Sai albashin Mayu ya shigo, kuma ondiler na gaba a layi, don mai shi ya dawo daga tafiya ya fara gaishe ni gaisuwar da na gane.

Mai shagon ya aiko da saƙon murya cewa garantin na nan duk da takardar da aka yage, na ajiye saƙon. C7 da safiyar yau: 1A4. Zan sake dubawa ranar Asabar mai zuwa.